Yini ɗaya a Paramaribo: ina zan fara, ina kuma zan yi sallar Juma'a?

Ɗan Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar duk wanda Allah ya taɓa kai ƙafarsa ƙasar Surinam, wadda ke bakin teku a arewacin Kudancin Amurka. Ni makaniken manyan injunan haƙar zinariya ne, kuma a wurin aikinmu an zaɓe mu mu huɗu za a tura mu can cikin watan Oktoba, mu yi mako uku a wata mahaƙa da ke cikin daji. Takardar tafiyar da aka ba mu ta nuna za a dawo da mu Paramaribo, babban birnin ƙasar, ranar Alhamis da daddare, jirginmu na komawa Amstadam kuwa sai ranar Asabar. Ke nan yinin Juma'a kaɗai nake da shi, daga asuba zuwa lisha.

Abokan tafiyata sun ce su kam a masauki za su yini su huce gajiya, ban kuwa ga laifinsu ba, domin aikin mahaƙa yana cin jiki. Amma marigayi mahaifina, wanda ya yi shekaru yana fataucin goro tsakanin Kumasi da Legas, ya sha gaya mana cewa wanda ya sauka a gari bai shiga kasuwarsa ba, bai kuma yi salla a masallacinsa ba, to ta gefen garin ya wuce. Wataƙila ba zan sake tsallaka wannan teku ba, saboda haka ba na son in wuce ta gefe.

Ina roƙon a gaya mini wuraren da mutum zai iya kaiwa da ƙafa a yini ɗaya ba tare da ya yi ta gudu kamar wanda aka koro ba. Na kuma ga hoton wani babban masallaci mai hasumiya huɗu da ke jingine da wurin ibadar Yahudawa, ina so in san ko nan ne ya dace in yi Juma'a. Sai batun abinci, domin ba na son in sa abin da ba halal ba a bakina saboda rashin sanin harshe. Allah ya saka da alheri.

Hajiya ta Madina, Akra:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Na yi shekara 19 a unguwar Bijlmer ta Amstadam, inda mutanen Gana da mutanen Surinam suke zaune a benaye ɗaya, kuma maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa 'yar Paramaribo ce. Sau biyu na bi ta gida, don haka abin da zan gaya maka idona ne ya gani.

Kada ka ɗauki garin kamar Akra. Mutanensa ba su wuce dubu 250 ba, kuma tsohon garin, wanda shi ne abin kallo, a dunƙule yake a bakin kogin Surinam, ƙafa za ta gama maka shi. Zafinsa kuwa irin namu ne na bakin teku, domin Paramaribo da Akra kusan layi ɗaya suke a doron ƙasa, ga Oktoba tsakiyar rani ne a can. Saboda haka ka fita da sassafe, da zarar ka idar da sallar asuba gari ya waye.

Ka fara da babbar kasuwa da ke ƙarshen titin bakin kogi, wanda suke kira Waterkant. Ranar da na fara shiga wannan kasuwa na tsaya a gaban wata tsohuwa da ta baza buhun wani abu fari-fari mai tsakuwa, na ɗiba na murza a hannu, sai na ji garin rogo ne irin namu, sai dai ya fi kauri. Suna kiransa kwak. Kusa da shi ga kuɓewa, ga rogo, ga gyaɗa, ga ayabar dafuwa a tsibe, ga busasshen kifi. Maƙwabciyata ta saya mini wani ɗauri na ganyen ayaba da rogo da kwakwa a ciki, ta ce sunansa dokun, na ce mata mu ma a gida dokunu muke cewa, ko da yake namu na masara ne. Suna kuma kirɓa dafaffiyar ayaba a turmi su mulmula ta, su jefa a miyar gyaɗa, su kira ta tomtom. Duk wanda ya tashi a Kumasi ya ga wannan kwano ba sai an gaya masa daga ina girkin ya fito ba. A gefen kasuwar akwai rumfunan matan da suka fito daga ƙauyukan cikin daji, jikokin bayin da suka gudu daga gonakin rake suka kafa garuruwansu, har Turawan Holan suka gaji da yaƙarsu suka yi sulhu da su a 1760 da 1762. Su suke sayar da saiwoyi da ganyayen magani. Ka yi musu gaisuwa tukuna, kada kuma ka ɗaga waya ka ɗauki hoto ba ka nemi izini ba, ba sa son haka ko kaɗan. Ka tambaye su kofin kwasibita, wani ƙaramin kofi ne da aka sassaƙa daga itace mai ɗaci, ana zuba ruwa a ciki ya kwana a sha. An sa wa itacen sunan wani mai magani ne, Kwasi, wanda aka kamo daga Afirka ta Yamma yana yaro.

Daga kasuwa sai ka bi bakin kogin, ruwa yana hannunka na dama. Gidajen da za ka gani na katako ne, farare, an ɗora su a kan harsashin jan bulo, kuma yawancinsu an sake gina su ne bayan manyan gobara biyu da suka ci garin a 1821 da 1832. Saboda waɗannan gidaje ne hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Tafiyar ba ta fi ta minti ashirin ba za ka isa ganuwar Zeelandia, kuma a nan nake so ka ba da lokacinka mafi yawa.

Turawan Holan sun ƙwace wannan ganuwa daga hannun Ingilishi a 1667, a shekarar kuma aka yi yarjejeniyar Breda, wadda ta bar musu Surinam, su kuma suka bar wa Ingila garin da ya zama New York. A wancan lokaci Elmina ma tana hannunsu, tun daga 1637, ba su kuma sake ta ba sai 1872. Idan ka taɓa zuwa Elmina ka tsaya a bakin ƙaramar ƙofar nan da ake fitar da bayi zuwa jirgi, to ka sani jiragen da yawa nan suka nufa. Akwai wani mai suna Leusden da ya taso daga Elmina ya nutse a bakin kogin Marowijne ranar 1 ga Janairu 1738. Matuƙan suka buga ƙusa a ƙofofin ɗakin ƙasa, mutum fiye da 660 suka mutu a ciki. Na yi makaranta a Gana ba a taɓa gaya mana wannan ba, sai a can na ji shi. Na zauna a kan katangar ganuwar ina kallon ruwan kogin mai launin koko, na karanta abin da ya sawwaƙa, domin ban ga wani abu da zan iya yi musu ba sai wannan. A cikin ganuwar akwai gidan tarihi, ana rufe shi tun kafin la'asar, shi ya sa na ce ka je da hantsi. Za ka kuma ga allon tunawa da mutum 15 da aka harbe a wurin a watan Disamba na 1982, zamanin mulkin soja, cikinsu da lauyoyi da 'yan jarida. Har yau raunin bai warke a zukatan mutanen ƙasar ba, saboda haka kada ka ja zancen da wanda ba ka sani ba.

Kana fitowa sai filin 'yancin kai, da fadar shugaban ƙasa. Sun sami 'yancinsu ranar 25 ga Nuwamba 1975. Bayan fadar akwai lambun dogayen itatuwan kwakwar ado kimanin dubu, inuwarsa tana da sanyi, nan za ka huta idan rana ta take. Babban cocin Katolika na katako, wanda aka buɗe a 1885, yana kan titin Henck Arron, ba nisa. Daga waje fenti ne ruwan ɗorawa da toka-toka, ciki kuwa katako ne zalla ba fenti, yana ƙamshi. Kai da kake aikin hannu za ka fi ni gane wahalar da kafintocin suka sha.

Abin da ba na so ka bari shi ne mutum-mutumin Kwakoe, a mahaɗar titin Sophie Redmond. Mutum ne baƙi ya ɗaga hannu da tsinkakkiyar sarƙa. An kafa shi a 1963, shekara ɗari bayan soke bauta. Ranar da aka soke ta, 1 ga Yuli 1863, Laraba ce, ka kuwa san namijin da aka haifa ranar Laraba shi Tonawa suke kira Kwaku. Sun riƙe sunayen ranakun nan, sun riƙe tatsuniyoyin Anansi, wato gizonsu, har yanzu. Batun masallaci na bar wa malamai.

Malamin Sabon Zango, Akra:

Assalamu alaikum. Hajiya, Allah ya ƙara muku lafiya, kun yi bayani mai gamsarwa. Ni ban je Surinam ba, amma na yi zaman karatu da ɗalibai biyu 'yan ƙasar, kuma na yi musu tambayoyi da yawa, domin abin ya ba ni mamaki a ce a wannan nahiya akwai ƙasar da kimanin kashi 14 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne. Babu wata ƙasa a nahiyar Amurka da ta kai ta a wannan kaso, kuma tun 1996 take cikin ƙungiyar ƙasashen Musulmi.

Ɗan'uwa, masallacin da ka gani a hoto yana kan titin Keizer, an gama gina shi a 1984, kuma shi ne hedkwatar Ahmadiyya reshen Lahor a ƙasar. Ya kamata ka san wannan tun daga gida. Ahmadiyyar da muka sani a nan Gana, wadda ta kafu a Saltpond a 1921, reshen Ƙadiyan ce. An rabu gida biyu ne a 1914, kuma mutanen Lahor suna cewa Mirza Gulam Ahmad mujaddadi ne, ba annabi ba. Ban kawo wannan don in tayar da muhawara a zaure ba, mu a zangonninmu muna zaman lafiya da kowa, muna zuwa suna da jana'izar juna. Na kawo shi ne saboda ka tambayi inda za ka yi Juma'a, kuma amanar amsa ita ce a gaya maka gaskiya. Shawarata ita ce ka je ka ga ginin, ka gai da mutanen wurin cikin mutunci, ka kuma ga yadda shinge ɗaya ne tsakaninsa da wurin ibadar Yahudawa na Neveh Shalom, wanda aka shimfiɗa wa farin yashi a daɓensa. Salla kuwa ka nemi masallacin Ahlus Sunna, suna da yawa a garin. Wanda aka fi sani shi ne na ƙungiyar Musulmin Surinam, wato SMA, a titin Kankantrie, kankantri kuwa a harshensu shi ne rimi. Sai ka shiga tasi, da ɗan tazara daga tsohon garin.

Musulmin can asalinsu biyu ne. Bayan soke bauta masu gonaki sun rasa ma'aikata, sai aka shiga kwaso 'yan ƙodago daga Indiya, daga 1873 zuwa 1916, mutum kimanin dubu 34, sannan daga tsibirin Jawa na Indunusiya, daga 1890 zuwa 1939, kusan adadi ɗaya. Musulmin da suka fito daga Indiya Hanafawa ne, na Jawa kuwa Shafi'awa. Kada ka yi mamaki idan ka ga la'asar ɗin Hanafawa ta yi jinkiri fiye da yadda ka saba, mazhabarsu ce. Haka kuma agogon ƙasar yana bayan namu da awa uku, amma rana ba ta karkata sai wajen ƙarfe ɗaya saura, ba kamar nan da take karkata da sha biyu ba.

Akwai wani abu da nake so ka kiyaye, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da ɗaliban nan suka gaya mini. A Jawa alƙibla tana wajen yamma. Da aka kawo mutanen Surinam, sai suka ci gaba da fuskantar yamma kamar yadda iyayensu suka koya musu, alhali yanzu Makka tana gabas da su. Daga baya wasu suka gyara suka juya gabas, wasu suka ƙi, har aka sami masallatai iri biyu, na masu kallon yamma da na masu kallon gabas, kuma ragowar wannan rabuwa tana nan. Ba na ganin abin dariya a ciki. Mutane ne da aka raba da ƙasarsu, ba malamai a tare da su, suka riƙe salla da haƙoransu tsawon zuriya bayan zuriya, kuma da yawa daga cikin bayin Afirka da suka riga su zuwa da kalmar shahada a bakinsu ko wannan ba a bar musu ba. Amma kai da ka sani, alƙiblarka gabas ce da ɗan karkata arewa, sai ka duba na'urar wayarka kafin ka tayar da salla a ƙaramin masallacin unguwa.

Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, Nima:

Salamu alaikum. Hajiya da Malam sun gama da manyan abubuwa, ni zan taɓa na hanya, domin jirginmu ya sha ɗaukar shinkafa da katako a wannan gaɓa.

Ƙanena, abu na farko da zai iya cutar da kai a garin nan mota ce. Su hannun hagu suke bi, mu kuwa mun koma dama tun 1974, wato kafin a haife ka. Idan za ka tsallaka titi ka fara duban dama. Tasi ba su da mita, sai ka yi ciniki kafin ka shiga, kamar yadda muka saba. Akwai kuma ƙananan bas masu zane-zane da kiɗa, ba su da bambanci da tiroturo, amma wanda yake da yini ɗaya bai kamata ya zauna jiran mota ta cika ba. Harshen hukuma na Holan ne, na kasuwa kuma Sranan, amma Turanci zai fisshe ka a yawancin wurare. Idan ka ce wa mutum fa waka, wato yaya tafiya, za ka ga fuskarsa ta saki. Filin jirginsu yana Zanderij, kilomita 45 daga gari, ka ba shi awa ɗaya da rabi ranar Asabar. Ka riƙe katinka na rigakafin shawara, kuma ka tabbatar masu shirya muku tafiya sun nema muku bizar ratse ta filin jirgin Amstadam, domin mai fasfon Gana ana nemanta a wurinsa ko da ba zai fita daga filin ba.

Abinci ba zai ba ka wahala ba idan ka san inda za ka. Da rana ka nemi shagon roti na Musulmi 'yan asalin Indiya. Waina ce mai faɗi da ake naɗe kaza da dankali da dogon wake a ciki, ana ci da hannu. Ka duba kalmar halal a jikin allo, ko ka tambaya, ba wanda zai ji haushi. Da daddare ka shiga tasi zuwa unguwar Blauwgrond, inda mutanen Jawa suke buɗe gidajen abinci a farfajiyar gidajensu, suna kiransu warung. Ka nemi saoto, romon kaza ne da dafaffen ƙwai da shinkafa a gefe, sai bakabana, soyayyiyar ayaba da miyar gyaɗa. Inda za ka yi hattara shi ne dafa-dukarsu da ake kira moksi alesi da abincin shagunan Sinawa, domin sau da yawa akwai naman alade ko naman gishiri da ba ka san asalinsa ba.

Inda na ɗan saɓa da Hajiya shi ne, ni a ganina wanda bai hau kogin ba bai ga Surinam ba. A bayan kasuwa akwai kwalekwale masu inji da ke tsallakawa Meerzorg, daga can a yi mota zuwa Nieuw Amsterdam, inda kogin Commewijne ya haɗu da na Surinam, nan tsofaffin gonakin suke. A tsakiyar ruwa za ka wuce gawar Goslar, jirgin Jamus da matuƙansa suka nutsar a 1940, yana nan kwance a kan haƙarƙarinsa ya yi tsatsa. Ga kuma gadar Wijdenbosch da aka buɗe a 2000, tsawonta kilomita ɗaya da rabi, an ɗaga ta sama ƙwarai don manyan jirage su wuce. Ni da na bar coci da lambu na tafi can bayan Juma'a.

Hajiya ta Madina, Akra:

Alhaji, maganarku gaskiya ce ga wanda yake da kwana biyu. Amma yaron nan zai fito ne daga mako uku a cikin daji, kogi da itatuwa sun ishe shi gani, mutane da gari ne bai gani ba. Idan ya sauko daga Juma'a wajen ƙarfe biyu ya ce zai kai Nieuw Amsterdam ya dawo, rabin lokacin a hanya zai ƙare, ya isa ana shirin rufewa. In dai hawa ruwan ne, ya shiga kwalekwalen ya tsallaka ya dawo da la'asar sakaliya, bai fi awa ɗaya ba, ya ga Goslar, ya kuma ga garin daga tsakiyar kogi yadda waɗanda aka kawo a jirgi suka fara ganinsa.

Ɗan Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum iyayena. Na dawo gida lafiya tun makon jiya, kuma ya zama wajibi in kawo muku labari, tun da da ƙafafunku na yi yawon.

Na bi tsarin Hajiya. Ƙarfe bakwai ina cikin kasuwa, na sayi kofin kwasibita guda uku, na kuma ci dokun a tsaye. Mai sayarwar ta tambaye ni daga ina, da na ce Gana sai ta kira wasu mata biyu daga rumfar gaba, suka tsaya suna kallona, ɗaya ta dafa ƙirjinta ta ce ita Afiba ce, wato ranar Juma'a aka haife ta. Na ce mata yau ma Juma'a ce, a wurinmu Hausawa kuma sunanta Jummai. Ta maimaita sunan sau biyu don kada ta manta, ta ƙi karɓar kuɗin dokun ɗin.

A ganuwar na daɗe fiye da yadda na yi niyya. Abin da ya zo mini a rai a can, wanda ban zata ba, shi ne Salaga. Kakannina ta wajen uwa daga can suka gangaro Kumasi, kuma duk wanda ya je garin an nuna masa rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Mu 'yan zango mun saba ɗaukar labarin Elmina kamar na mutanen bakin teku ne su da Turawa, alhali ta hanyoyin fatauci na arewa aka gangaro da mutane da yawa, kuma a cikin masu saye da waɗanda aka sayar duka akwai masu jin harshenmu. Na tsaya a kan katangar da Hajiya ta ambata, na yi addu'a ga waɗanda aka kawo, na kuma nemi gafara ga namu da suka sa hannu.

Malam, na yi Juma'a a titin Kankantrie. Ban ji huɗubar ba sai ayoyin da liman ya jawo, amma da aka tayar da salla ya karanta Sabbi da Hal ataka, kamar ina Aboabo. Bayan sallama wani dattijo mai farin gemu ya ga na saki hannu a nafila, ya matso ya tambaye ni da Turanci ko ni Bamalike ne, ya ce ya ga irin haka a Makka wurin mutanen Afirka ta Yamma. Shi ya sa ni a motarsa ya kai ni shagon roti, ya biya, ya kuma sauke ni a titin Keizer. Na shiga harabar masallacin na gai da mai gadi, ya nuna mini ciki da fara'a. Wurin Yahudawan na tarar a rufe, saboda yammacin Juma'a suke shiga ranar hutunsu, don haka yashin da kuka faɗa ban gan shi ba, ta shinge na leƙa ginin. Cocin kuwa na shiga, na tsaya ina bin ginshiƙan da ido har sama, ina neman inda aka haɗa katako da katako.

Alhaji, na hau kwalekwalen da la'asar kamar yadda Hajiya ta raba gardama, na ga Goslar kusa da kusa, har ciyawa ta tsiro a jikinsa. Gargaɗinku na titi kuwa ya yi mini rana, domin a gaban mutum-mutumin Kwakoe na dubi hagu na sa ƙafa, sai da wani yaro ya fizgo rigata. Blauwgrond ban samu zuwa ba, gajiya ta kayar da ni bayan magariba, sai romon saoto na aika aka sayo mini a kusa da masauki.

Kofi ɗaya na ba mahaifiyata, ta jiƙa ruwa ya kwana, ta kurɓa ta ce ɗacinsa ya fi na maɗaci. Sauran biyun na Hajiya ne da Malam. Alhaji kuma na riƙo muku ƙullin kwak. Zan shigo Akra ƙarshen wata, sai ku gaya mini inda zan same ku.